Digirin Otal Da Bashin Shel: Lissafin Da Iyaye Ke Yi Da Buhun Dawa A Jazira

Tun da aka dawo da jarrabawar kammala sakandare ta Sudan a ƙarshen Disambar 2024, bayan yaƙi ya tsayar da ita kusan shekara ɗaya da rabi, wata tsohuwar muhawara ta dawo zaurukan ƙauyukanmu na Jazira da na bakin kogin Nil Azraƙ. Yaro ya ci jarrabawa. Makinsa bai kai na likitanci ko injiniyanci ba, amma ya isa ya shiga kwalejin yawon buɗe ido da harkar otal. Shi yana hango kansa cikin kwat a wani dogon bene kusa da Harami. Uban kuwa rumbu yake kallo, yana ƙirga abin da zai saura a ciki idan aka biya kuɗin shekarar farko.

Ni malamin makaranta ne, kuma a ƙauye duk wanda ya iya cike takarda shi ne akawu, shi ne lauya. Saboda haka wannan lissafin ya sha zuwa hannuna. Abin da na lura da shi shi ne, mutanenmu sukan ɗora kuɗin makaranta a gefe guda na sikeli, su ɗora albashin da ake fata a ɗaya gefen, su ce an gama. Alhali akwai tambayoyin da suka fi waɗannan nauyi: a wuyan wa bashin yake, yaushe mai shi zai zo karɓa, kuma da wane irin kuɗi za a biya shi?

Me ya sa bashinmu ya bambanta?

Wanda bai san mu ba sai ya fara sanin inda muke tsaye. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas har suka yada zango a bakin Nil Azraƙ, kudu da Sinnar. Garin Mai Wurno na nan har gobe da sunansa. Wasu kakannin namu kuma mahajjata ne da suka taso a ƙafa daga Kano da Katsina da Damagaram, suka tsaya neman guzuri, tsayawar ta zama zama.

Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe babban aikin noman Jazira, wanda daga baya ya zarce faddan miliyan 2, hannun mutanenmu na cikin waɗanda suka tsinci audugarsa. Sai dai mafi yawansu ba su mallaki hawasha ba, wato gonar da hukumar aikin ke yanka wa manomi da sunansa. Sun shiga ne a matsayin 'yan ƙwadago, ko masu noma gonar wani a raba amfani. Wasu sun riƙe su, wasu lambun albasa da ayaba a gaɓar kogi.

Wannan tarihin yana da alaƙa da maganar digiri kai tsaye. Wanda ba shi da takardar gona ba shi da abin da zai ajiye wa banki jingina. Idan ya tashi neman kuɗin karatun ɗansa, ƙofofin da ke buɗe masa su ne mafi tsada.

A Ingila, gwamnati ce ke ba ɗalibi bashi, kuma ba ya fara biya sai albashinsa ya haura wani mizani, sannan a cire kashi 9 cikin 100 na abin da ya ɗara mizanin. A Najeriya, dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Afrilun 2024 ta kafa tsarin NELFUND: bashi ba ruwa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. A duk tsarin biyu, bashin na ɗalibin ne, kuma yana jiran aiki.

Mu a nan, asusun kula da ɗalibai na ƙasa, wanda kowa ke kira sanduƙ, an fi saninsa da ɗakunan kwana da ɗan tallafi. Kuɗin rajista, musamman ga wanda ya shiga ta nafaƙa khassa, wato gurbin da ɗalibi ke biyan cikakken kuɗi, daga gida yake fitowa. Bashin na uba ne, kuma ba ya jiran kowa.

Ƙofofi huɗu da muke ƙwanƙwasawa

Ta farko ita ce shel. Ɗan kasuwar ƙauye ya ba ka kuɗi ko kaya tun amfani yana gona, da sharaɗin za ka biya shi da buhu idan kaka ta yi, a farashin da ya yanke yau, wanda kullum yana ƙasa da na kasuwa. A ƙasar Hausa ana kiran irin wannan falle. Ba takarda, ba dogon layi, shi ya sa yake da daɗin karɓa. Amma an gina shi ne don ya cike giɓin wata uku ko huɗu. Karatun digiri shekara huɗu ne. Duk wanda ya ɗauki shel ya biya rajista, to kakar farko za ta same shi yaron bai ma gama zangon karatu na farko ba, sannan ga shekara uku a gaba.

Ta biyu adashi, wanda matanmu ke kira sanduƙ su ma, ko khatta. Nan ba riba, ba cin fuska. Illarsa guda ce: kwasa ɗaya ake yi, zubi kuwa kowane mako ko kowane wata. Uwar da ta kwashi adashi ta tura wa ɗanta, ita ce za ta ci gaba da zubawa daga kuɗin ƙosai da godogodo.

Ta uku ɗan'uwa a Saudiyya. Shi yakan turo ta Bankak ko ta hannun masu canji, kuma sau da yawa a riyal yake ƙirga abin da ya bayar. Zan dawo kan wannan.

Ta huɗu banki. Bankunan Sudan a tsarin Musulunci suke aiki, da murabaha da salam da makamantansu, kuma babban bankin ƙasa ya daɗe da umartar su da su ware kashi 12 cikin 100 na kuɗin da suke bayarwa don ƙananan rance. Sai dai galibi sukan nemi cek a matsayin lamuni, na mai karɓa ko na wanda ya tsaya masa. Cek ɗin da ya dawo ba kuɗi laifi ne a ƙarƙashin sashe na 179 na dokar manyan laifuka ta 1991, kuma ba Basudane baligi da bai san kalmar nan ta "yabƙa lihin as-sadad" ba, wato a tsare mutum sai ya biya. Manoma da dama sun kwana a kurkuku a kan bashin noma. Uban da ya karɓi murabaha da sunan sayen awaki ya karkatar da kuɗin zuwa makaranta, ya san ba ɗalibin za a zo kamawa ba.

A yi lissafin da buhu

Na daina yi wa mutane wannan lissafi da jine, wato fam ɗin Sudan, domin lambar da ka rubuta yau ba ta da ma'ana bayan wata shida. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar kuɗin daga jine 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya. A Yulin wannan shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Zuwa 2024 dala ta wuce jine 2,000 a kasuwar bayan fage. Buhun dawa kuwa buhun dawa ne.

Mu ɗauki misali, kowa ya sauya lambobin da nasa. A ce rajista da haya da abinci da kuɗin mota na ɗalibi sun kai kimar buhu 20 a shekara. A ce kuma mai shel yana ba ka kuɗin buhu biyu ya karɓi uku. Ashirin ta zama 30. A shekara huɗu, buhu 120 ke nan. Ƙara da abin da ba a rubutawa: hannun saurayi guda da ya bar gona ko kwalekwale na tsawon wannan lokaci, wanda dole a ɗauki ɗan ƙwadago a madadinsa. Ƙara da shekarar hidimar ƙasa, da watannin neman aiki. Kafin albashin farko ya shigo gida, an ci kaka biyar ko shida.

A Amurka, inda bashin ɗalibai ya haura dala tiriliyan 1.6, ma'aikatar ilimi tana da shafin College Scorecard da ke nuna matsakaicin bashi da matsakaicin albashin waɗanda suka gama kowane fanni a kowace makaranta. Masu ba da shawara a can suna da ƙa'idar da suke maimaitawa: kada jimillar bashinka ta wuce albashin shekararka ta farko. Ƙa'idar tana da amfani ko a Mai Wurno. Tambayi wanda ke aikin otal yanzu nawa yake karɓa a wata, ka je kasuwa ka ga buhu nawa zai saya, ka ninka sau 12. Idan abin da ya fito bai kai buhunan da ka ƙirga a sama ba, sikelin ya riga ya yi magana.

Ina otal-otal ɗin suke?

Kwalejoji na nan. Jami'ar Za'im al-Azhari da ke Bahri tana da kwalejin yawon buɗe ido da otal-otal, Jami'ar Shendi kuma tana da ta yawon buɗe ido da kayan tarihi. Ƙasar ma tana da abin nunawa. Hukumar UNESCO ta sa Dutsen Barkal cikin wuraren tarihi na duniya a 2003, dalolin Marawi ta dā da ke kusa da Shendi a 2011, sai Sanganeb da ke Bahar Maliya a 2016. Gandun dajin Dindir, wanda aka keɓe tun 1935, a bayan gidanmu yake.

Amma yawancin manyan otal-otal a Khartum suke, kuma Khartum ce yaƙin 15 ga Afrilun 2023 ya fara ci. Otal ɗin Acropole, wanda wani iyali Girkawa suka buɗe a 1952 kuma 'yan jarida da masu tonon tarihi suka mayar gida, ya rufe a farkon yaƙin. Corinthia, dogon benen nan mai siffar ƙwai da Libiya ta gina aka buɗe a 2008, ya samu kansa a tsakiyar fagen daga. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sai a Janairun 2025 sojoji suka karɓe ta. Sinja ta faɗi a tsakiyar 2024, aka ƙwato ta a Nuwamba. Kasuwar otal ta koma Bur Sudan, inda gwamnati da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji suka tare a 2023. Ɗakuna sun yi tsada a can, amma ƙwararrun ma'aikatan da suka gudo daga Khartum sun cika garin, kuma sabon mai digiri a bayansu zai bi layi.

Ɗan yayata yana cikin waɗanda suka gama wannan karatu kafin yaƙi. Ya samu aiki a wani otal a Khartum, a teburin karɓar baƙi, aikin dare. Albashinsa yakan ƙare tsakanin haya da mota. Wata rana ya ce mini, "Kawu, takardar ce ta shigar da ni ƙofa, amma wanda ke koya mini aikin ko sakandare bai gama ba." Da yaƙi ya tashi ya dawo gida da jaka ɗaya, otal ɗin bai biya shi watansa na ƙarshe ba. Mahaifinsa kuwa yana kan biyan mai shel, domin bashin shekara ta uku da ta huɗu an yi ta ɗaga shi ne daga kaka zuwa kaka. Abin da ya faru da iyalan da rikicin 2022 ya kora daga Rusairis da Wad al-Mahi ya fi haka muni: gona ta tafi, amfani ya tafi, bashi ya bi su har sansanin gudun hijira.

Mafarkin Makka da Madina

Idan ka matsa wa yaro da tambaya, a ƙarshe zai ce ai ba don Sudan yake karatun ba, Saudiyya zai tafi. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Otal-otal na Makka da Madina ba sa rabuwa da baƙi, kuma saurayin da ke jin Larabci da Hausa yana da abin da alhazan Najeriya da Nijar ke buƙata. Riyal ma tsayayye ne, 3.75 a kan dala tun 1986. Wanda ke karɓar albashi a riyal zai iya share bashin jine cikin ɗan lokaci.

Sai dai akwai abin da ba a faɗa wa yara a lokacin cike takarda. Tun 2019 hukumomin Saudiyya suka keɓe wa 'yan ƙasa ayyuka da dama a manyan otal-otal, ciki har da teburin karɓar baƙi, da ajiyar ɗakuna, da sayayya, da talla. Waɗannan kuwa su ne ainihin kujerun da digirin ke shirya mutum ya hau. Abin da ya fi saura wa baƙo shi ne kicin, da gyaran ɗaki, da wanki, da ɗaukar kaya, ayyukan da ake tambayar hannunka kafin takardarka. Sannan zuwan ma kuɗi ne: fasfo, tantance takardu, gwajin lafiya, dillalin biza. Sau da yawa wannan bashi na biyu ne a kan na farko.

Nan ne maganar riyal ke da haɗari. Idan ɗan'uwa ya ranta maka a riyal, yaron kuma bai samu fita ba ya tsaya aiki a jine, to duk faɗuwar jine ƙarin bashi ce a kanka ba tare da kowa ya ƙara maka ko sisi ba. Idan kuma bashin a jine yake, kamar na adashi ko na gwaggo, faɗuwar kuɗin kai take taimaka, ita take cuta. Wannan ma ba abin murna ba ne, hakki ne. Ƙa'idar dai guda ce: a ci bashi da irin kuɗin da za a samu albashi da shi.

To a bar karatun ke nan?

A'a. Saukar baƙo sana'ar kakanninmu ce. Fatoma a zangunan ƙasar Hausa shi ke ba fatake masauki, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu mai saye. A hanyar hajji ta ƙasa, daga Kano zuwa Sawakin, gidajen mutanenmu ne masaukin mahajjata. Yau ma duk garin da ka shiga a Sudan, agashen da ake layi a kansa da yamma daga hannunmu ya fito, haka godogodo. Mun san shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma tun kafin a buɗe kwaleji.

Abin da ba mu da shi shi ne abin da makaranta mai kyau ke koyarwa: yadda ake fitar da kuɗin kowane faranti kafin a sa masa farashi, yadda ake riƙe littafin shiga da fita, ƙa'idojin tsaftar abinci, yadda ake rubuta takardar neman kwangila, da Turanci. Mai agashe da yawa yana sayar da nama duk dare, bai san ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba.

Ina da maƙwabciya da 'yarta ta yi difloma a wannan fanni. Uban ya ƙi ta yi aikin otal, kamar yadda iyaye da dama a cikinmu ke ƙi, kuma wannan ma abu ne da ya kamata a tattauna kafin a biya rajista, ba bayan an karɓo shahada ba. Yarinyar ta koma dafa abincin biki da na taro daga gida, tana ɗaukar mata biyu aiki. Awaki uku aka sayar aka yi mata karatun, ba a ci bashi ba. Ta mayar da awakin, har da ƙari. Ilimin iri ɗaya ne da na ɗan yayata. Bambancin yana wajen yadda aka biya shi da kuma inda aka kai shi.

Garuruwan da yaƙi ya rusa za su buƙaci masu ciyar da asibitoci, da makarantun kwana, da ma'aikatan gini, da matafiya a kan titin Madani zuwa Gadarif. Wannan kasuwa ce ta gaske, ko da ba ta da kwat da fitilu.

Kafin a sa hannu

Ga abin da nake gaya wa duk uban da ya kawo mini takarda. Idan yaro ya samu gurbin gama-gari mai sauƙin kuɗi, kuma yana da inda zai zauna wajen dangi ko a ɗakin sanduƙ, ya tafi, Allah Ya ba da sa'a. Idan ta nafaƙa khassa ce kuma da shel za a biya, a dakata. A duba difloma, wadda ta fi gajarta. A tambayi kwalejin ko tana da kicin na koyarwa da ke aiki, da kuma otal ɗin da take tura ɗalibai horo a yanzu, ba kafin yaƙi ba. A nemo mutum biyu ko uku da suka gama can, a ji inda suke da abin da suke samu.

Yaron ma ya gwada kansa. Ya yi wata uku a kicin ɗin wani gidan abinci a Sinnar ko Damazin, ya tsaya a ƙafa daga asuba zuwa dare, ya wanke tukwane, ya sha faɗan mai gida. Idan ya dawo yana son abin, to an san ba kwat ɗin kawai yake so ba. Ya kuma fara koyon Turanci tun yau, domin shi ne ke raba mai ɗaukar kaya da mai magana da baƙo.

Kada a jinginar da abin da gida ke ci da shi: kwalekwale, injin ban ruwa, ko dawar shekara. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai wanda in ya murɗa gida duka ke kwana da yunwa, har da ƙannen da su ma ke jiran nasu karatun.

Sannan a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma mu kunya ke hana mu yin haka da ɗan'uwa. A rubuta nawa ne, jine ne ko riyal ko buhu, yaushe za a biya, kuma idan an gama karatu wa zai ɗauka, uba ko ɗa. A zaunar da yaron a wajen, ya ji lambar da kunnensa, ya sa hannu tare da shaidu. Yawancin ɗaliban da na sani ba su taɓa jin adadin buhunan da aka ci a kansu ba sai bayan sun dawo gida da shahada.